Masu Zama a Saman Silin Gidan Zaim

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo cikin kwanon miyar wake. Daga sama ya zo, ta silin da babu ko tsaga a jikinsa. Rasema ta tsaya da ludayi a hannu. Mijinta Zaim ya ɗaga kai, ya sauke, ya ce ɓera ne. Babu wanda ya tambaye shi yaushe ɓera ya koyi jifa.

A satin nan ne Zaim ya gama shimfiɗa audugar gilashi a saman silin, rawayar nan mai hana ɗumin gida tserewa ta rufi. Kaf ƙauyen babu wanda bai sha labarinta ba. Ya yi ta cika baki a shagon kofi, wai ya ƙi fararen allunan kumfa don ɓeraye na cinye su, ya zaɓi auduga mai kaurin taƙi guda, ko a garin Kladanj babu gida irin nasa. Ranar da zai hau aikin, mahaifiyarsa Nana Hajrija ce ta riƙe masa tsani.

"Ka ce destur kafin ka sa ƙafa, ɗana. Ba mu kaɗai ba ne a gidan nan."

Kalmar neman izini ce, da ita tsofaffi ke zubar da ruwan zafi ko shiga kango. Zaim ya yi dariya. "Inna, izinin wa zan nema a gidan ubana? Na gizo-gizo?"

Duwatsun ba su tsaya ba. Kullum rana na faɗawa bayan dutse, gidan sai ya yi tsit, irin shirun da ke danne ƙirji. Sai a ji tafiya a sama, a hankali, ta mutane da yawa. Sai ƙarar susa, kamar mai ƙazwa ya samu katanga. Daga nan abin ya sauko kan Lamija, 'yarsu budurwa. Ta daina cin abinci. Ta koma gindin murhu tana yagar hannuwanta da farce har jini, tana cewa da muryar wani tsoho, "Matsa. Kun danne min ƙafa."

Zaim ya ja labule, ya hana kowa fita da zancen. Yarinya na ƙarewa a gabansa, shi kuwa abin da 'yan shagon kofi za su ce ne ya dame shi. Da Lamija ta daina gane uwarta, Rasema ba ta nemi shawararsa ba, ta aika a kira malamin ƙauyen, Hafiz Nusret.

Bayan la'asar ya iso, maƙwabta na biye da shi, suka cika bakin ƙofa. Ya zauna gaban yarinyar, ya yi ta karatu har hasken taga ya koma toka. Can ta ɗago kai. Idon nata ne, kallon ba nata ba.

"Waye kai?" in ji Hafiz.

"Mai gida. Kakan ubanta, wannan mai gashin bakin, a nan ya same mu."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba. Ubanta ne ya hau mana babu ko destur, ya lulluɓe jikokina da ƙaya suna barci. Ɗumin da muke sha tun zamanin kakanni ya toshe shi. Ta ɗanɗana abin da suke ji. A kwashe audugar nan duka."

"Ba za a kwashe ba. Mutane ma jini gare su. Ɗaki ɗaya za a bar muku, ku saki yarinya."

Lamija ta karkata kai, kamar ana shawara a wani wuri mai nisa.

"To, ɗakin da ake kwana da wuta. A bar mana na tsohuwa yadda yake, babu auduga. A can muke cunkushe duk kwanakin nan. Sai dai a ƙara mata itace, tarinta na hana mu barci."

Rasema ta juyo ta dubi mijinta.

"Zaim, ba ka ce da na Inna ka fara ba?"

Wuyan Zaim ya yi ja har kunne.

Nana Hajrija ta gyara ɗankwalinta. "Ni na ce ya bar shi," ta ce, idonta a ƙasa. "Ba na son zafi."

Bakin Lamija ya buɗe da wata busasshiyar dariya. "Hajrija, tun kina amarya muke jin ki, ba ki taɓa iya ƙarya ba. Muna kallo ya sauko da naɗin auduga biyu na ƙarshe, ya kai ɗakin tantabarunsa."

Wata mata a bakin ƙofa ta ja numfashi. Maƙwabcinsa Fadil, wanda ya fi kowa shan surutun audugar, ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, don akwai kunyar da ko mai kallo ba ya iya ɗauka.

Hafiz bai yi wa'azi ba. Ya ce kawai, "Ka ji sharaɗi, Zaim. Ɗaki ɗaya, mai wuta. Gidanka ne, kai za ka faɗi wanne."

Zaim ya dubi hannuwan 'yarsa. Ya nemi ya dubi uwarsa, ya kasa.

"Nawa," ya ce, da ƙyar aka ji. "Zan ɗage ta saman ɗakina in kai nata."

"Yau," in ji muryar.

"Yau."

Lamija ta yi wata doguwar hamma, jikinta ya saki, ta sulale kan cinyar uwarta. Aka ji tafiya a sama, a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da ta farka, ruwa ta nema, da muryarta.

Rasema ta kwashe bargunanta ta koma ɗakin Lamija. Zaim ya ci gaba da kwana shi kaɗai, yana cusa itace a murhu, ɗumin na wucewa sama wurin masu shi.

Da dusar ƙanƙara ta sauka, ta rufe rufin gidan fari fat, ban da daidai saman ɗakin Zaim. Nan narkewa take yi, jan rufi ya fito fili kamar tabon ƙuna, ana hango shi tun daga ƙofar masallaci. Masu wucewa su ɗaga kai, su sauke. Idan baƙo ya yi tambaya, Nana Hajrija ce ke rigan kowa amsawa, ta ce ɗanta mai jin zafi ne tun yana goye.