Masu Cewa Madalla

An yi wani marubuci a wani gari, yana da shafi a intanet, amma ba mai leƙawa. Sai ya riƙa biyan waɗansu mutane da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Kome ya rubuta, sai su ce, "Madalla, Malam, ƙaro mana!" Kansa ya kumbura, har ya daina gaida maƙwabta.

Ran nan mahaifiyarsa ta rasu. Ya sanar a shafin, ya shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Tabarmi suka wuni ba kowa.

Kawunsa ya ce, "Ɗana, ina jama'ar taka?"

Sai wayarsa ta kama ƙara, ta ƙi tsayawa. Ya duba.

"Madalla, Malam, ƙaro mana!"