Ruwan Zafin Dona Zenaide

Da hantsi aka kira Sufeto Osni Bittencourt: gidan katako ya kama da wuta a bayan garin Curitiba, an fito da gawar tsohuwa daga banɗaki. Watan Yuli ne, tsakiyar hunturun ƙasar, sanyi na ratsa ƙashi. Sai da ya shanye kofinsa ya tashi, don a aikin nan gawa ce kaɗai ba ta ƙorafin an makara.

Ya tarar mutanen unguwa sun gama bincike, har sun yanke hukunci. Sun yi wa maƙwabcin, Adilson, jina-jina. Wani ƙato na tsaye a ƙofarsa da galan ɗin fetur, 'ya'yan Adilson na leƙe ta taga.

"Shi ne, Yallaɓai! Satar wuta yake daga falwaya. Shi ya kashe Dona Zenaide!"

"Ajiye galan ɗin nan," in ji Osni. "Gobara ɗaya ta ishe ni a rana."

Ya tura Adilson cikin mota, ba don ya yarda ba, sai don kada su zama gawa biyu.

"Kana satar wuta?"

"Ni? Wallahi kyandir nake kunnawa."

"Kyandir ne ke juya injin wankin da nake jiyowa?"

Adilson ya sunkuya. Osni ya bi wayar satar da ido. Daga falwaya ta miƙe kai tsaye gidan Adilson, ko kusa da rufin mamaciyar ba ta bi ba. Ɓarawo ne, amma ba nasa ɓarawon ba.

Mijin, Seu Anísio, na zaune kan bokiti, rungume da ledar burodin da ya fita saye kafin wutar ta tashi.

"Baba, sannu da haƙuri. Wani ya taɓa wutar gidan nan?"

"Ba wanda ya taɓa, ɗana."

Osni ya buɗe akwatin mita. Inda fiyus ya kamata ya kasance, an ɗaure waya mai kaurin fensir.

A banɗaki wuta ta cinye rufi, amma kan shawar lantarkin ya faɗo cikin ruwa, rabi kawai ya narke. Osni ya taɓa karatun lantarki yana saurayi, har ya ƙona injin malaminsa aka sallame shi, aikin ɗan sanda ya karɓe shi hannu biyu. Ɗan abin da ya rage masa a ka ya isa.

A murfin an rubuta volt 220, amfiya 25. Ya raba na farko da na biyu: turjiyar murɗaɗɗiyar wayar da ke dafa ruwan om 8.8 ce. Ya ninka su: wat 5,500. Ya ari ma'auni wurin 'yan kwana-kwana ya gwada wayar. Om 5.5. An yanke ta, an lanƙwasa bakin da filaya an sake maƙalawa, yadda rabin mazan garin ke yi in suna son ruwa ya ƙara zafi.

Ya raba 220 da 5.5. Amfiya arba'in, maimakon ashirin da biyar. Wat 8,800, ta cikin tsohuwar wayar gidan, siririya kamar taliya, kwance kan busasshen katako.

Ya sake lissafin, ko Allah zai sa ya yi kuskure kamar yadda ya saba. Bai yi ba.

Ya fito ya tsuguna gaban tsohon, ya buɗe tafin hannunsa ya nuna masa murɗaɗɗiyar wayar.

"Baba, wa ya yanke wannan?"

"Haka muka saye ta."

"In na tafi da wannan amsar, kafin dare za su ƙona gidan Adilson. Da yaran a ciki ko babu, ban sani ba."

Seu Anísio ya dubi tagar da yaran ke leƙe.

"Ciwon gaɓɓai gare ta," ya ce. "Ruwan nan ɗumi-ɗumi yake fita, ta fito tana kuka. Na rage wayar. Sai fiyus ya riƙa tsinkewa, ita tana ciki da sabulu a ido tana zagina. Sai na ɗaure shi." Ya gyara zama kan bokitin. "Jiya ta fito tana dariya. Ta ce, 'Tsoho, ashe kana da amfani.'"

"Ka ga suna dukan Adilson."

"Na gani. Na kasa buɗe baki."

Osni ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya buɗe mota ya fito da Adilson, ya gaya wa jama'a abin da ya faru. Ba wanda ya ba Adilson haƙuri. Mai galan ya ɗauki abinsa ya wuce, fetur da tsada.

Bai sa wa tsohon ankwa ba. Ya riƙe masa hannu ya zaunar da shi a baya. Sun kai bakin titi kafin Seu Anísio ya yi magana.

"Ɗana, can inda za ka kai ni, ruwan wankansu na sanyi ne?"

"Na sanyi ne, Baba."

"To, madalla."