Bunsuru Mai Babbar Riga

A wani gari an yi wata yarinya mai son zane. Ta zana bunsuru sanye da babbar riga, ta kai wa kakanta.

Ya ce, "Shirme! Bunsuru ba ya sa riga."

Ta zana kunkuru da hula.

Ya ja tsaki. "Shirme! Kunkuru ba ya sa hula."

Ranta ya ɓaci. Ta kwashe takardun ta nufi murhu. "Na daina zane, tsoho, ka huta!"

Tsoho ya zabura ya fizge su. Ya daɗe yana duban bunsurun.

"Ke amarya, wa ya ce ki ƙona? Dattijo mai gemu haka, kin bar hannun rigarsa yana jan ƙasa! Naɗe masa a kafaɗa."