Kwandon Sharar Malam Kalilu

Ranar da Ɗantala ya fara ganin Salmatu, kansa na ƙarƙashin tebur yana bin waya. Kamfanin fiton kaya na Hajiya Adama da ke Magama, dab da shingen kan iyaka, shi ya kira shi daga Katsina ya duba musu saba, wato kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin ma'aikata duka. Ta tsufa, gurnani take kamar injin niƙa.

"Malam, in ka gama da teburin, aiki zan yi," in ji wata murya.

Ya ɗago da sauri ya ƙume kai. Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya.

Salmatu ce mai buga takardu, ɗiyar Malam Kalilu babban akawun kamfanin. Lokacin Shari'a ne, ba mai tsayawa da ɗiyar mutane a bakin titi, don haka waya ta ɗauki nauyin hirar.

"Sarkin wayoyi, kan ya daina ciwo?"

"Kai ya warke, Salma. Ƙirji ne ya karɓa."

"Asibitin Jibiya na nan. Ni ba likita ba ce."

Bayan wata huɗu ya tura kawunsa. Malam Kalilu bai ɓoye komai ba.

"Yaron da ya bar makaranta a aji ukku? Ya yi acaɓa, ya yi gyaran rediyo, yau kwamfuta. Wanda bai zauna ma aji ba, mace zai zauna mawa?"

Dama ga Isah, jami'in fito na kamfanin, mai difloma da guga a riga, ya daɗe yana kai gaisuwa gidan.

Ana cikin haka Hajiya ta sayo sabuwar saba. Ɗantala ya zaɓi Asabar, ranar da ba kowa a ofis. Akwatin saƙo ashirin da uku ya kwashe ɗaya bayan ɗaya, janareta na ruri, yana ƙirga saƙonnin kowa a tsohuwa da sabuwa har lissafi ya yi daidai. Kwandon shara kaɗai ya bari, inda saƙonnin da aka goge ke taruwa. Wa ke tashi daga gida ya tafi da bola? Ya manna takarda a jikin tsohuwar: kada a taɓa sai bayan mako biyu.

Litinin da safe tirela tara suka jeru a Magama suna jiran takardunsu na Kwatano. Malam Kalilu ya ce saƙonninsa na shekara shida sun ɓace, har da masu ɗauke da takardun.

"Dama abin da ake gudu ke nan da aikin ɗan koyo," in ji Isah.

Ɗantala ya tsaya bayan kujerar dattijon. Sai ya ga inda yake buɗewa yana rufewa: kwandon shara ne, fayau. Nan take ya gane. Duk saƙo mai muhimmanci, Malam Kalilu maɓalli guda yake dannawa ya faɗa can, in ya buƙata ya ɗauko. A wurinsa durowa ce, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ba haka ba ne.

In ya faɗa, mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin akawu ya zama abin hira a tashar Magama. In ya yi shiru, shi ne ɓatacce.

"Kuskurena ne, Hajiya. Akwai abin da ban kwaso ba. Yana cikin tsohuwar."

"Tsohuwar tana Maraɗi," in ji Isah. "Jiya na aika ta ofishinmu na can, a wanke ta a riƙa buga takardu."

Hajiya ta buga waya. Aka ce an kai ta wurin mai gyara a kasuwa, shi kuwa wayarsa a kashe.

Ɗantala na cikin tasi a hanyar Maraɗi, sun wuce shingen kwastan na garin Ɗan Isa, saƙon Salmatu ya shigo.

"Don Baba ya hana ka ne ka yi mishi haka? Faɗa mini gaskiya."

"Ban yi don haka ba. Bayanin ne ba zan iya ba."

"To kada ka ƙara kirana."

Ya sami na'urar a kan benci, mai gyara ya jona ta ya tafi azahar. Takardarsa na nan manne, ba wanda ya karanta. Ya zare waya, ya jira mutumin ya dawo, ya rungumo ta kamar jaririya.

Kafin la'asar saƙo dubu huɗu da ɗoriya sun koma. Tireloli suka tashi. Hajiya ta ce ya kyauta, amma daga yau wani za ta riƙa kira.

Da ofis ya rage, ya durƙusa gefen dattijon, ya rage murya.

"Baba, ga wuri na buɗe maka da sunanka. Nan za ka riƙa jawo su. Wancan da kake ajiye su, sabuwar na'ura da kanta take zubar da shi duk wata."

Malam Kalilu ya cire tabarau. "Zubarwa? Wurin mi ne?"

"Shara ce, Baba."

Dattijon ya mayar da tabarau. "Wa ya sani?"

"Ni da kai."

Kwana biyu ba labari. Ɗantala ya koma Katsina yana gyaran firinta, yana duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. A na uku da hantsi ta yi ƙara.

"Baba ya faɗa mini komai da bakinshi, ya kuma je ya faɗa ma Hajiya. Ka yafe mini, Tala na. Ka bari na zage ka kana da gaskiya."

"Zagin naki ma na ajiye shi, Salma. Ban goge ba."

"To goge. Kuma Baba ya ce kawunka ya manta hanyar Jibiya ne?"

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Kalilu. Hajiya Adama ta aiko da goro huhu guda da saƙon cewa aiki na jiran ango. Isah ya zo, ya yi musafaha, ya tafi da wuri.

Da aka shafa fatiha, Malam Kalilu ya miƙe ya ba jama'a labarin kwandon da kansa, bai rage komai ba. Direbobi suka yi ta dariya, shi ma yana yi. Sannan ya dafa kafaɗar Ɗantala.

"Ya rufa mini asiri gaban mutum biyar, shi ya sa na ba shi ɗiyata gaban mutum ɗari. Allah ya rufa musu nasu, ya zaunar da su lafiya."

Amin ɗin har cikin gida Salmatu ta ji ta.