Gayyar Baƙar Ƙasa

A bakin wani shagon turare a unguwar Dira ta birnin Riyad, bayan sallar la'asar, Muhibba ta miƙa wa Uwais wayarta ba tare da ta dube shi ba.

"Karanta abin da ka jawo mana."

Saƙon mahaifiyarta ne, Hajiya Sabuwa, layi ɗaya tak: a gaya wa Injiniya ya dakatar da maganar turo magabatansa.

Shekara guda ke nan Uwais yana neman aurenta. Shi injiniya ne a Birnin Masana'antu na Biyu, ita kuma ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Riyad. Ba a Najeriya aka haife ta ba. Mahaifinta, marigayi Dakta Jibirilla, ya yi shekara ashirin da biyu yana duba marasa lafiya a wani ɗan ƙauye a yammacin ƙasar Ailan, garin da tumaki suka fi mutane yawa. A can ya bar matarsa, ita kuwa ta ƙi tashi.

A bayan ƙauyen akwai fadama mai baƙar ƙasa, kowane gida da yankin da ya gada. Idan watan Mayu ya kama, sai a yanka ƙasar kamar tubali, a jingina ta ta bushe, ta zama makamashin lokacin sanyi. Ba mai yin nasa shi kaɗai. Yau a yi wa wannan gida, gobe wancan. Wani dattijo, Malaki, shi ya yanka wa Dakta yanki daga nasa, a shekarar da likitan ya yi jinyar matarsa har ta cika. Tun rasuwar Dakta kuwa, da yankin Hajiya ake buɗe aikin, ita kuma ta dafa musu shinkafa da miyar rago mai yajin da ke sa su hawaye suna neman ƙari.

Wata rana Uwais ya ga Hajiya a kiran bidiyo tana ɗaukar kwandon ƙasar, hannu ɗaya a ƙugu. Bai shawarci kowa ba, ya sa aka kafa mata na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki, sannan ya rubuta wa Malaki cikin ladabi cewa bana ba sai sun wahalar da kansu ba.

"Tausayinta na ji, Hibba."

"Na sani. Yau kwana tara ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Sun ɗauka ita ce ta sallame su."

Ya ce ai sauƙi ya nema mata, wa zai ƙi sauƙi? Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi: a ƙauyensu na wajen Malumfashi, idan gayya ta nufi gonar matar da mijinta ya rasu, wani baƙo ya tare su ya ce su koma, an kawo tarakta, me gari zai ce?

Ya kalli katangar tsohuwar fadar Masmak, ya ce:

"Cewa za a yi ta samu duniya, ta raina mutane."

"To..." Ta karɓi wayarta. "Ina son ka, Yaya Uwais, Allah ne shaida. Amma ba zan tsallake maganar Umma ba."

Ba ta sake kiransa ba, shi ma bai kira ba. Ta ci gaba da zuwa aiki daga unguwarsu ta Jaradiya, ta dawo, ta yi sallolinta, ta roƙi zaɓin Allah. Akwatin atamfofin da ta fara tarawa ta tura shi ƙarƙashin gado. Daga bakin wata abokiyar aikinta ta ji cewa ya nemi hutu, kafil, wato ubangidansa na aiki, ya ja masa rai mako uku kafin ya sa hannu, yana kuma ta zirga-zirgar neman biza. Ba ta tambayi ta ina ba.

Ranar Asabar ta biyu a watan Mayu Hajiya ta yi mata kiran bidiyo. Iska tana kaɗa mayafinta, a bayanta kuma ga mutane sun jeru a fadama.

A taƙaice ta ba ta labari. Wai Injiniya ya sauka tun Laraba, bai ma fara zuwa gaishe ta ba, ƙofar Malaki ya nufa. Dattijon ya bar shi tsaye cikin yayyafi har ya gama ba da haƙuri, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe shebur. Daga nan ya shiga rumbu ya ɗauko masa na Dakta, ya kuma ba shi ɗakin kwana.

Hajiya ta juya wayar. Can ga shi, taɓo har gwiwa, tafin hannunsa ɗaure da tsumma, tsofaffi biyu suna yi masa dariya.

"Umma, ya iya kuwa?"

"Ina fa. Tubalinsa duk a karkace. Malaki ya ce na'urar tasa ma ba laifi, tana busar da safa."

Muhibba ta dafe bakinta.

"Mahaifinki ma a karkace ya fara," in ji Hajiya. Ta gyara mayafinta. "Ki kira kawunki Bashari, ya saurari baƙi bayan Babbar Salla. Bari in je, miyata za ta kama."