Kofin Ruwa a Ƙofar Maƙwabta

Falon ya cika da kwalaye, ko wurin taka ƙafa babu. Malama na durƙushe tana naɗe kofunan gilashi da tsofaffin jaridu, 'yarsu Tsuntsuwa na kwance kan kujera, ƙirjinta na 'yar ƙarar nan da yakan yi in ƙura ta tashi. Da asma aka haife ta, kuma saboda wannan fito na ƙirjin ne babanta ya laƙaba mata sunan tun tana zanen goyo.

Mijinta Injiniya ya shigo da waya a kunne yana ta "To, Yaya... an gama, Yaya..." Ya kashe, ya dubi matarsa da murmushin wanda ya san ya yi laifi.

"Yaya Babba ce. Wai ta samo mana gida a unguwarsu, hawa na tara, har da lifta."

"Ba mun yi da kai sai mun gani da idonmu ba?"

"Za mu gani mana, abar ƙaunata! Gani ai ba kamawa ba ne."

Ƙarin girma aka yi masa a wurin aiki, aka mai da shi babban birni, inda haya ke cinye albashi tun bai shiga aljihu ba. Yaya Babba kuwa ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, ita ta sa shi makaranta, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Ko tari ta yi, Injiniya sai ya ce na'am. Yana son matarsa kamar ransa, wannan ba shakka, amma gaban yayarsa ruwa yake zama.

Ita Malama akwai abin da mahaifiyarta ta koya mata: "Kafin ki duba gida, duba maƙwabci. Ƙwanƙwasa ki roƙi ruwan sha. Yadda aka ba ki ruwa, haka za a ba ki hannu ranar wuya."

Gidan farko da dillali ya kai su a bayan gari yake. Ɗakuna biyu ne a ƙasa, fenti ya ɓaɓɓare, amma da 'yar tsakar gida, da ƙaramin asibiti a bakin layi, ga kayan yara shanye a kowace igiya. Malama ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa. Wata dattijuwa mai faɗin fuska ta buɗe, ta kawo ruwa, ta jawo kujera.

"Zauna, 'yata, ai mai ciki ba ta tsayuwa. Wannan yarinya ƙirjinta fa? Kuna ba ta magani kuwa?"

Daga nan suka wuce unguwar Yaya Babba. Kai! Gini ne sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Ga babbar ƙofa, ga mai gadi, ƙasa na ƙyalli, amma shiru kamar an yi mutuwa. Suna dube-dube Malama ta sulale ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke fuskantar tasu. Ta ga inuwa ta gilma a 'yar hudar leƙe, ba a buɗe ba. Ta gwada ta gaba, haka. Tana ɗaga hannu a ta uku sai ga Yaya Babba.

"Innalillahi! Bara kika zo yi? Nan ba ƙauyenku ba ne, kowa harkarsa yake yi!"

"Yaya, ruwa kawai na..."

"Rufe min baki! Ni zan bari ƙanena, injiniya guda, ya tare a bayan gari cikin masu wanki a bakin famfo? In ƙawayena suka tambaye ni, in ce musu me?"

A mota Malama ta yi magana a hankali, hawaye na bin kumatunta. "Don Allah ka duba. Yarinyar nan ba lafiya gare ta ba, ni kuma ga yadda nake. In wani abu ya taso ba ka nan, wa zan kira?"

Ya kama hannunta ya matse. "Sori, abar ƙaunata. Shekara ɗaya kawai, mu fita kunyar Yaya. Ba abin da zai faru, in sha Allah."

Ta bar maganar. Ba don ta yarda ba, sai don ba ta son ta zama wuƙa tsakanin mutum da wadda ta raine shi.

Suka tare. Haya ta sa Injiniya ƙarin aiki, ya sayar da motarsa, fita da sassafe, dawowa a gajiye liƙis. Tsuntsuwa ba wurin wasa, sai ta manna fuska a gilashin taga tana kallon motoci. "Mami, a nan babu yara ne?" Malama takan ce akwai, suna makaranta. Wata da watanni ba wanda ya taɓa amsa mata gaisuwa a lifta, amma ko sau ɗaya ba ta yi wa mijinta gori ba.

Ran nan da rana tsaka wuta ta ɗauke. Aka tayar da janareton ginin, wanda ba ya ɗaukar lifta, hayaƙinsa ya biyo matakala ya cika ko'ina. Tsuntsuwa ta fara tari. Malama ta fesa mata maganin shaƙa, ta sake fesawa, a banza. Leɓen yarinyar ya fara canja launi.

Ta kira Injiniya, wayarsa a kashe, yana miting. Ta kira Yaya Babba.

"Ke kin cika ruɗewa! Ba ta ruwan ɗumi, ina wurin gyaran gashi."

Ta fito ba ko takalmi, tana dukan ƙofofi da hannu biyu. "Ku taimaka! Jama'a, 'yata za ta mutu!" A ƙofar da ke fuskantar tasu ta ji talabijin na magana. Tana bugawa aka rage muryar. Wallahi aka rage muryar! Wannan ƙarar da aka rage ita ce ba ta taɓa fita daga kunnen Malama ba.

Ta goya yarinyar a baya, ga tsohon ciki, ta kama matakala cikin duhu da hayaƙi. Tana sauka tana salati, tana "Tsuntsuwa, yi numfashi, Mami na nan." Saura kaɗan ta kai ƙasa ƙafarta ta goce. Da ta faɗi ta baya, da ta danne yarinyar. Sai ta juya ta faɗi ta gaba.

Mai gadi ne ya tare musu tasi.

Da Injiniya ya iso asibiti a guje, rigarsa jiƙe da gumi, likita ta tare shi a bakin ɗaki. Yarinya ta farfaɗo. Matarsa ma za ta tashi. Abin da ke cikinta ne bai zo da rai ba, kuma namiji ne.

Ya durƙusa gefen gadon yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Kin faɗa min... kin faɗa min, ban ji ba. Ki zage ni, don Allah ki ce wani abu!"

Malama ta ɗora hannu a kansa. Muryarta da ƙyar take fita. "Je ka duba Tsuntsuwa, tana ta kiran Dadi."

Sai ga Yaya Babba, gashi ya sha gyara, turare na tashi. "Ƙaddara ce, sai haƙuri. Amma ke ma da garaje, mace da ciki ki..."

"Yaya, ya isa!"

Injiniya ya miƙe tsaye. Tunda aka haife shi bai taɓa katse ta ba.

"Kin raine ni, har in mutu ba zan iya saka miki ba. Amma don kada ƙawayenki su yi magana na kai iyalina inda za su mutu ba mai leƙowa. Ɗana ya tafi, Yaya. Ba zan ƙara da waɗannan biyun ba."

Yaya Babba ta dubi ƙafafun Malama da suka kumbura, duk ƙujewa, sai ta zauna daɓas a kujera ta rufe fuska da mayafi.

Bayan an sallame su, Injiniya da kansa ya koma bayan gari. Gidan nan an riga an kama. Ya tsaya a layin, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar dattijuwar. Ta buɗe, ta dube shi, ta gane shi.

"Ina mai cikin? Ta sauka?"

Ya girgiza kai. Ba ta sake tambaya ba. Ta shiga ta kawo masa ruwa, ta tsaya har ya shanye, sannan ta yafa mayafi ta bi layin gida-gida har ta samo musu ɗakuna biyu.

Yanzu Injiniya mota biyu yake hawa kafin ya kai wurin aiki, kuma ba a taɓa jin ya koka ba. Tsuntsuwa na tsere da yaran layi, in ƙirjinta ya motsa kafin Malama ta ɗauko mayafi mata uku sun riga ta bakin asibiti. Yaya Babba ta zo da ƙafarta ta nemi gafara, Malama ta yafe mata. Kwali ɗaya ne dai har yau ba a buɗe ba, na kayan jariri, yana can saman kabad.

To 'yan'uwa, mahaƙurci mawadaci, Malama ta samu mijinta da zuciya ɗaya, amma ku dubi abin da aka rasa kafin a kai nan. Wanda zai zaɓa wa iyalinsa mazauni, kada ya zaɓa don idon mutane. Masu idon ba sa nan ranar da za ka buga ƙofa.