Gurbin da Maƙwabci Ba Ya Gani

Rabin tumatirin Sabuwar Kadawa ya ruɓe a tasha ranar Talata, har warinsa ya kai saman benayen noma. Jirgin ƙasa mai sanyi, wanda ba shi da direba, ya iso a kan lokaci, amma da rabin taragun da ake bukata. Abin ya faru a kakar 2094, jim kaɗan bayan Tasalla Mamuda, injiniyar bayanai a kamfanin Sanyin Kaka, ta buɗe wa manoma wurin rubutu a allon kamfanin.

A da, allon na kallo ne kawai: taswira, farashi, zafin taragu. Tasalla ta ba kowane manomi gurbi. Ya taɓa gonarsa a taswira, ya faɗi kwandunan da yake sa ran tsinka, nan take na'urar rabo ta ware masa wuri a jirgi. Don kada a zargi kamfanin da son kai, ta sa kowa yana ganin na kowa.

Manajarta, Hajiya Kubra, ba ta ja magana ba. "Jirgin Juma'a ne naki na ƙarshe. In aka sake asara, gurbin zai rufe, ke ma haka."

Tasalla ta bi lissafin na'urar layi-layi, ba ta ga kuskure ba. Sai ta buɗe gonar ƙanen mahaifiyarta, Nomau, ta ga abin da ya shigar. Ta kira shi.

"Kawu, kwando talatin? Gonar da nake ɓata a cikinta ina ƙarama?"

"Ke 'yar nan, so kike in baza arzikina a bango, maƙwabcina Tanimu ya karanta yana kurɓar shayi? Bara ya yaba tumatirina, ko Masha Allah bai ce ba. Kafin sati tsutsa ta shiga."

"Tsutsa ce, Kawu, ba Tanimu ba."

"To wa ya nuna mata hanya? Shi ma rabi ya rubuta, munafukin Allah. Je ki duba."

Ta duba. Duk unguwar haka ta yi.

Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta rushe gurbin ta sake gina shi: manomi ya shigar da nasa, lambar ta kulle, na'ura kaɗai ta karanta, allo ya nuna jimilla ba suna. Ta aika sanarwa da muryarta.

Da safiyar Alhamis jimillar ta ninka uku.

Hajiya Kubra ta daɗe tana kallon allon. "Gaskiya suka fara faɗa, ko sun gane mai babbar lamba shi ke samun tarago? Kin san tauraron ɗan'adam ba ya gani cikin bene. In taragun suka dawo wayam, asarar ta fi ta Talata."

Tasalla ta sake kiran Nomau. "Kawu, don Allah, nawa ka sa?"

"Ba ke kika ce ba mai gani ba? To har ke."

Ta ajiye wayar, ta sa yatsa a allon, ta amince da duk taragun da na'urar ta nema.

Jirgin ya bar Kano zuwa Sabuwar Kadawa da hantsin Juma'a, mafi tsawo da kamfanin ya taɓa turawa. Har aka tashi daga masallaci, ba a auna kwando ko ɗaya a tasha ba tukuna.